Mai Anini Ɗaya

A 1901 wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Frank Crozier ya shigo Arewa da muƙamin ƙaramin hafsa. Ƙofar shigowa a lokacin ɗaya ce: babban jirgin ruwa ya sauke mutum a bakin teku wajen Forcados, ya shiga ƙarami a Burutu, a yi ta haurowa Kwara kwana da kwanaki har Lakwaja, inda Binuwai ke zubawa. A nan aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, a nan kuma baƙon soja ke fara jin ana kiransa da sunayen da uwarsa ba ta raɗa masa ba. A takarda, Crozier ɗan rundunar Manchester ne da aka ba da aronsa ga rundunar da Lugard, wato Lugga, ya haɗa a 1897, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da WAFF. Ya shiga yaƙin 1903 da aka ci Kano da Sakkwato, daga baya kuma, a 1932, ya fitar da littafi mai suna Five Years Hard, inda ya tona asirin shaye-shaye da rashin imanin abokan aikinsa, bai ware kansa ba. Labarinsa na wata rana ne. Abin da ya kawo mu yau shi ne sunayen da suka tarbi irinsa, da waɗanda suka zo da su suka bar mana.

Shi Crozier ta ƙofar baya ya shiga soja, ta yaƙin Afirka ta Kudu, inda ya fara a matsayin mahayi marar muƙami. Yawancin tsararrakinsa daga makarantar Sandhurst suka fito, masu igwa kuma daga Woolwich. A can sunansu cadet, har da ƙarin gentleman a gaba, domin iyaye ke biyan kuɗin makarantar, ɗan talaka bai cika leƙa ta ba. Kalmar ta Faransanci ce, daga karin harshen mutanen Gaskoniya, asalinta "ƙaramin kai", ma'anarta ta yau da kullum kuwa ƙane. A manyan gidajen Turai ɗan fari ke gaje ƙasa da gida da suna, ƙannensa sai su nemi abin yi, yawanci soja ko coci. Duk wanda ya san gidan sarauta a ƙasar Hausa ya san irin wannan ɗan: ga asali, babu rabo, sai a tura shi wani gari can bakin iyaka ya je ya gwada ƙashinsa. Ga kuma maganar aljihu. Ƙaramin laftanan na sojan ƙasa a Ingila sule 5 da kwabo 3 yake samu a rana, kuɗin da ko abincinsa da tufafinsa a ɗakin hafsoshi ba su biya. A WAFF albashin ya ninka ninkin-ba-ninkin, ba kuma inda za a kashe shi. Da yawansu bashi ne ya koro su, ba kishin Sarkin Ingila ba.

Hausa ba ta ari kalmar cadet ba. Ta ari kusan kowane mataki na aikin soja, amma har gobe mai karanta labarai sai ya zagaya ya ce ɗaliban makarantar horas da hafsoshi. Dalilin, a ganina, a fili yake: Bahaushe bai taɓa ganin Bature yana ɗalibta ba. Can bayan teku aka yi wannan, nan sai dai a ga mutum ya sauko daga jirgi da alamarsa a kafaɗa. Ko ɓangaren mulki, da ya riƙa kiran sabbin ma'aikatansa cadet a takardun ofis, a ƙauye joji ake ce wa yaron, daga kalmar judge, wato alƙali. Yaron da gemu bai gama fito masa ba, wanda jiya-jiya ya bar makaranta, sai ga shi alƙali a bakin tsofaffi. An tsara abin ne don kada a ga ranar da bai sani ba, harshe kuma ya nuna tsarin ya ci.

Kalmar officer ce ta koma hafsa a bakinmu, har ta haifi jam'i irin namu, hafsoshi, da muƙami mai daɗin faɗi, hafsan hafsoshi. Alamar kafaɗarsa kuwa anini muka ce mata. Daga 1902 ƙaramin laftanan ɗaya yake sawa, cikakken laftanan biyu, kyaftin uku. Anini a Hausa maɓallin riga ne, kuma shi ne sunan ƙaramin kuɗin nan mai huda a tsakiya da Turawa suka kawo a farkon mulkinsu, wanda sai an tara goma suke zama kwabo ɗaya, a jikinsa kuma akwai zanen tauraro mai tsini shida. Ko ta maɓalli sunan ya bi, ko ta kuɗin, sakamakon ɗaya ne, kuma yana ba ni dariya: mutumin da ke da ikon sa a ƙone gari, a lissafin bariki mai anini ɗaya ne, kuɗi mafi ƙanƙanta a kasuwa. Baƙin soja shi igiya yake ɗaurawa a hannu: ɗaya ta las kofur, biyu ta kofur, uku ta saje. Tsakanin igiya da anini akwai katangar da ba a tsallakawa.

A ɓangaren igiya ne Hausa ta yi aikinta sosai. Recruit ya zama kurtu, private ya zama farabiti, parade ya zama fareti, mai busa ƙaho ya zama begila. Sergeant major, mai nauyi a baki, aka tauna shi aka tauna har ya koma samanja, kalmar da wanda bai sani ba zai rantse tun kaka da kakanni take. Kwatanta da laftanan da manjo da kanar da janar: an ɗan gyara musu zama ne kawai, har yanzu da ƙamshin Ingilishi a jikinsu. Kalma tana gogewa ne gwargwadon yawan bakin da ya riƙe ta. Muƙaman da baƙar fata zai iya hawa su ake ambata a layin soja, a kasuwa, a gidan biki, su uwa ke alfahari da su, su mawaƙi ke wasawa. Na hafsoshi kuwa kiran nesa ne. Shi ya sa da marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma tsohon soja ne, ya tashi yin wasan kwaikwayon bariki a Kaduna, bai zama kanar ko manjo ba. Samanja Mazan Fama ya zama, kuma kowa ya gane mutumin tun kafin ya buɗe baki.

Samanja shi ne ƙarshen tsani. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Nijeriya anini, 'yan Arewa kuwa sai 1953, lokacin da Zakariya Maimalari da Umar Lawan suka fito daga Sandhurst, shekara 50 cif bayan cin Kano. Kafin nan, duk iya yaƙin mutum, a nan yake tsayawa. Dubi Chari Maigumeri. Ya fara soja a wurin Jamusawa a Kamaru, suka ba shi lambar yabonsu ta Iron Cross a yaƙin Garwa, Ingilishi suka kama shi a 1915, ya shiga rundunarsu a 1917, ya yi musu yaƙi a Afirka ta Gabas, ya yi a Boma, ya zama samanjan bataliya. Sai da ya zo ajiye aiki a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. A tsawon waɗannan shekaru samari nawa masu anini ɗaya suka sauka a gabansa, ya ƙame ya sara musu, sannan a hankali, ba tare da ya nuna ba, ya koya musu inda ake kafa sansani, da yadda ake raba ruwa a tafiya, da wane soja ne ake yi wa tsawa, wane ne kuma ake lallashi? Yau barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi, a garin da waɗancan samarin ke fara sauka.

Malami na biyu shi ne tafinta. Ita ma wannan kalma aro ce, interpreter ce ta sha wuya a hanya, kamar yadda messenger ya zama masinja. Akawu kuwa daga Yarbanci ya zo, alamar cewa ma'aikatan farko ta bakin teku suka biyo iyayen gidansu. An wajabta wa hafsa ya ci jarrabawar Hausa, akwai kuma littattafai: nahawun Robinson na 1897, da ɗan littafin Dokta Miller na 1901. Wasu sun yi nisa ƙwarai. Kyaftin Merrick, mai igwa, ya tara karin magana ya buga a 1905. Manjo Edgar ya tara tatsuniyoyi mujalladi uku. Amma a watanninsa na farko, baƙo makahon gari ne, kurma kuma. Abin da tafinta ya ce sarki ya faɗa, shi sarki ya faɗa. Abin da ya faru a Keffi a watan Oktoba 1902 ya isa misali. Kyaftin Moloney yana zaune a dandalin ƙofar fada, ya aiki wakilinsa Audu Timtim ya kira Magaji Ɗan Yamusa. Masu tarihi da dama sun ɗora wa Audu laifin juya saƙo ta yadda Magaji ya ga kama shi za a yi. Magaji ya fito ya kashe Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma, Lugga kuma ya samu hujjar da yake nema. Wata huɗu bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka fasa ganuwar Kano.

To, da wane suna gari ya tarbi baƙon hafsa? Biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko Nasara, ko Annasara, daga Larabci, sunan mabiya Annabi Isa, wanda malamai ke dangantawa da garin Nasira. Wannan sunan addini ne, shi ne a wasiƙun sarakuna da waƙoƙin malamai. Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna a Salaga da Karaci a ƙasar Gana ta yau, Waƙar Nasara ya kira tasa. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, daga Nasara suka gudu, ba daga Bature ba, kuma waɗanda suka tsira cikinsu suka kai har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nil. A rubutun boko wannan suna ya yi kama da nasara ta cin gaba, sai dai a baki an fi jan wasalin tsakiya a na Kirista, karin sautin ma dabam. Kamannin ya haifar da wani abin mamaki a Kano. Gidan sarki na Nasarawa ya girmi zuwan Turawa, daga nasara ta cin gaba sunansa ya fito. Da suka ci garin sai suka sauka a can, unguwarsu ta tashi a wurin. Wanda ya zo daga baya zai ɗauka don Nasara aka raɗa sunan.

Suna na biyu Bature. Wannan ma ba don Ingilishi aka ƙera shi ba. Tun kafin su zo akwai Dandalin Turawa a cikin birnin Kano, kuma Turawan wurin Larabawa ne, fataken Tarabulus da Gadamas. Farin baƙo mai dukiya daga nesa, shi ne Bature. Da sabon farin baƙo ya zo da igwa, sai ya ƙwace sunan kamar yadda ya ƙwace sauran abubuwa. A kunnena, wanda ya ƙi shi ya fi cewa Nasara, wanda ya zauna da shi ya fi cewa Bature, domin na biyun bai tabo addini ba, ya bar ƙofar hulɗa a buɗe. Daga nan kalmar ta ci gaba da tafiya har ta bar launin fata baya. Baturen gona, baturen makaranta, baturen 'yan sanda, baturen zaɓe: duk yau baƙaƙe ne wuluk, ba wanda ke jin wani abu in an faɗa. Kujerar ce Bature, ko wa ya zauna a kanta.

A fuska kuwa ba a ce masa ko ɗaya daga ciki. Zaki ake cewa, a durƙushe, an cire takalmi. Gaisuwar sarakuna ce aka miƙa wa yaro ɗan shekara 22, kuma ba wuya ta hau masa kai. Sai da 'yan NEPU suka zo bayan 1950 aka fara tambaya a bainar jama'a me ya sa mutum zai faɗi ƙasa don ya gai da mutum.

Inda talaka ya rama shi ne a laƙabi. Kafin sabon hafsa ya gama kwance kayansa, boyi da kuku da mai doki sun gama karanta shi, sunan da suka sa masa kuma shi zai riga shi isa duk garin da za shi. Wani lokaci sunansa na gaskiya ake murɗawa har ya ba da ma'ana: Moloney ya zama Mai Launi, Lugard ya zama Lugga. Yawanci kuwa wani abu ake kamawa a jikinsa ko a gidansa ko a aikinsa, a sa masa "mai" a gaba. Kyaftin Abadie, razdan na farko a Zariya, Mai Jimina ne. Kanar Morland, wanda ya ci Yola a 1901 ya ci Kano a 1903, Mai Madubi. Dokta Cargill, razdan na farko a Kano, wanda ya yanka ƙasar gunduma-gunduma ya kori hakimai daga birni zuwa garuruwansu, Mai Gunduma. Sharwood-Smith, wanda shi ma daga soja ya shigo aikin mulki har ya zama gwamnan Arewa, Mai Wandon Ƙarfe. A birnin Zariya akwai unguwar Babban Dodo, kuma Zazzagawa na danganta sunan da laƙabin wani Bature da ya zauna a wurin. Ba sai an tambayi irin halinsa ba. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, shi ya samu wanda ya fi kowanne, Ɗan Hausa, har yau kuma da shi ake kiran gidansa.

Wannan ba wasa ba ne kawai. Al'adarmu ce a sakaya sunan babba, mace ba ta kiran sunan miji, ba a kiran sunan sarki gatsau, don haka laƙabin yana da fuskar ladabi, Bature ma yakan yi alfahari da nasa. Amma a ƙarƙashin ladabin akwai hukunci. Gwamnati na da fayil a kan kowane hafsa a Zungeru, daga baya a Kaduna, talakawa ma suna da nasu, kalma biyu ce tak, ba ta ɓata, gara ba ta ci. In an ce Mai Kaza ne aka turo, dagaci ya san ko ya tanadi ƙwai da kaji, ko ya tura matasa daji kafin a zo neman 'yan dako. Lura kuma da cewa waɗanda laƙabinsu ya rayu manya ne, masu daɗewa. Ƙaramin hafsa zangonsa shekara ɗaya ne a jere kafin hutu, in zazzaɓi mai baƙin fitsari bai ɗauke shi ba, saboda haka nasa sunan yakan mutu tare da sojojin da suka raɗa shi.

Shi ma ya zo da sunan da ya sa wa mutanensa, kuma sunanmu ne. A bakin hafsan Ingila na wancan zamani, Hausa kusan ma'anarta soja. Abin ya faro daga Legas a 1863, lokacin da John Glover, hafsan sojan ruwa, ya tara wasu 'yan Arewa, yawancinsu bayi gudaddu, ya ba su bindiga, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Daga wannan ƙungiya rundunar sojan Nijeriya ke ƙirga shekarunta har yau. An kai su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, aka kafa irinsu a Gwalkwas, wato Gana ta yau, Sarkin Beljiyam ma ya ɗebi nasa "Hausawan" zuwa Kwango. Turawa sun taho daga Indiya da aƙidar cewa wasu ƙabilu an halicce su don yaƙi, wasu don noma ko rubutu, suka duba Afirka ta Yamma suka ga Musulmi mai jin Hausa ya dace da gurbin. To amma wa ke cikin kakin? Akwai Hausawa, gaskiya, amma akwai Yarbawa da Nufawa da Barebari da Zabarmawa, daga baya kuma Tibi da Bachama da mutanen Zuru, waɗanda muke kira Dakarkari, sunan da ake dangantawa da dakarun Kabi, su kuwa Lelna suke kiran kansu. Chari Maigumeri kansa sunan garinsu a Barno yake amsawa. Duk wanda ya iya amsa umurni da Hausa ya zama Bahaushe a rajista. Ɗan birni mai asali kuwa, musamman a shekarun farko, ganin aikin yake na wanda ba shi da mafaɗi. Rundunar da Morland ya kawo Kano baƙaƙe ne 700 da 'yan kai, Turawan cikinta ba su kai 40 ba. Idan littafin tarihi ya ce Turawa sun ci Kano da sojojin Hausa, duka kalmomin biyu suna buƙatar a tsaya a kansu.

Hausar da ake yi tsakanin hafsa da waɗannan mutane ita ce Barikanci. Ba ruwanta da namiji da mace, kowa "ya" ne. Ƙ da k ɗaya, ɗ da d ɗaya. Karin sauti ya kwanta. Yawancinta umurni ne: kawo, tafi, tsaya, maza-maza. Hafsa da yawa ya koma gida yana cewa ya iya Hausa, alhali abin da ya iya shi ne ba da oda ga mutanen da su ma koyon harshen suka yi.

Bariki ita ce kalmar da ta fi kowace nisan tafiya. Daga barracks ta fito, masaukin soja kawai. Muna da sansani tun da, amma sansani na yaƙi ne, ana gamawa a watse. Wannan kuwa zama ne na dindindin a bayan ganuwa, inda ikon sarki da na alƙali ba su kai ba. Sai sunan ya bazu ya rufe duk inda Bature ya sauka: gidan hutawa na kan hanya da ake sa talakawa su gina su share, unguwar razdan da joji, sansanin masu haƙar kuza, kamar Barikin Ladi a Filato. Dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙaƙe, wai don sauro. A gefen wannan fili ne wata sabuwar jama'a ta tsiro: matan soja da waɗanda ba matan kowa ba, boyi-boyi, kukumai, masu wanki, masu dafa burkutu, 'yan caca, yaran da suka gudo daga gida, bayin da suka ji an ce ba bauta. Daga nan bariki ta daina zama wuri, ta koma hali. Ɗan bariki wayayye ne wanda ba a cuta, amma ba ka ba shi 'yarka. Mace in an ce ta shiga bariki, an gama magana. Har aka yi mata kirari da alalen gero, wanda bai iya ba ya kwana da yunwa. Ina ganin ba a yi wa kalmar adalci duka ba, domin a barikin ne mutane da yawa suka fara samun albashi, da asibiti, da 'yancin da gida ya hana su. Sai dai birni ne ke riƙe da alƙalamin ma'ana, birni kuwa bai yafe wa wurin da aka kafa don a mallake shi ba.

A hayin iyaka labarin ya ɗan sha bamban. Saurayin da ya fito daga makarantar Saint-Cyr aka turo shi Damagaram ko Agadas ko Bilma, a ƙasar da soja ke mulka kai tsaye ya sauka, Damagaram ɗin kuma, wato Zinder, ita ce hedikwata daga 1911 zuwa 1926. Saboda haka kalmar da ta zauna a bakin Hausawan Nijar ita ce kumandan: shi ne joji, shi ne di'o, shi ne mai haraji, ko da farar hula ne ya gaji kujerar. Anasara ma ta fi ƙarfi a can har yau.

Yaƙin Hitila ne ya juya akalar. Rundunar ta kumbura, aka kawo hafsoshi barkatai waɗanda ba su da lokacin koyon Hausa, har da 'yan Folan sama da 200 da aka turo tun daga 1941, sai aka koma koya wa kurtu Ingilishi. Wannan karon kuma kurtun ne baƙon da jirgi ya sauke a ƙasa mai nisa. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka bi ta Indiya suka shiga dazuzzukan Kaladan da Arakan na ƙasar Boma suna fafatawa da Japanawa, wata birged kuma ta shiga cikin mayaƙan Chindit a 1944. Suka dawo da Boma a bakinsu, aka riƙa ce musu 'yan Boma, aka sa su cikin mazan jiya. Sunayen ƙauyuka da rafukan da suka zubar da jini aka liƙa wa barikoki: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya don tunawa da waccan birged, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Tamandu a Legas, babban sansanin Akara kuma Burma Camp. Mafi shahara a cikinsu Dodan ne, wani wuri a Arakan, wanda barikinsa a Ikoyi ya zama fadar mulkin Nijeriya daga 1966 har aka koma Abuja a 1991. Mutane da yawa Dodon suke rubutawa, suna ɗauka daga dodo aka samo shi, kuma in aka dubi irin dokokin da suka riƙa fitowa daga gidan a waɗancan shekaru, da wuya ka ga laifinsu.